Mai Ci Ba Ya Tashi

Litinin, da hantsi

Masu zanga-zanga sun tare hanya. Kafin gada kaɗan, bayan an wuce garin Villa Tunari, suka sare itatuwa suka gicciye, suka jera duwatsu, mata suka zauna a kai suna ɓare lemo. Wannan karon ko dalili ban tambaya ba. Wani ya ce maganar man gas ce, wani ya ce shugabansu aka kama. Ni dai ga ni da tirela cike da shinkafa daga Montero, a tsakiyar layin da ba a ganin farkonsa bare ƙarshensa.

Na kira gida. 'Yata Nélida ce ta ɗauka. Ta ce tun jiya suka kai mamanta asibiti, ciwon cikin nan ne ya dawo, za a yi mata hoto. Na ce matata Benigna ai ta saba da shi, ta sha ganye ya lafa. Ta ce, "Baba, wannan ba irin wancan ba ne." Na ce da an buɗe hanya ina tafe.

Zafi ake yi, kuma ƙananan ƙudajen nan masu cizo sun riga sun gano mu.

Talata, bayan abincin rana

Tsohon direban nan da muke kira Don Casiano yana nan, 'yan motoci kaɗan a gabana. Tsohon yana tuƙi a hanyar nan tun ba a zuba mata kwalta ba, kuma duk inda aka tare hanya shi ne mai tebur. Ya sauke wani tsohon ƙyaure, ya ɗora kan tayoyi biyu a inuwar motarsa, ya fito da karta.

"Rufino! Ashe kana raye? Zo ka zauna, kuɗinka sun yi kewata."

Mu shida muka zauna wasan foka, cacar karta ta kuɗi. Mai yawan baki a cikinmu shi ne Porfirio, wani ƙato mai ɗauko sukari, mutumin Santa Cruz can kwari, mu kuwa 'yan tudu ne. Tun kafin a raba karta ya fara: "Ku mutanen tudu sai kun yi shawara da kakanninku kafin ku sayi ashana. Zuba kuɗi, mutumina, ba cizo suke ba!"

Don Casiano ya tura ganyen koka, wanda direbobi ke taunawa don korar barci, a kumatu, ya maimaita ƙa'idar da kowa ya sani, don kada wani ya ce bai ji ba. "Wanda aka ci ya bar wasa duk sanda ya ga dama. Wanda ya ci ba ya bari, sai an buɗe hanya, ko kuwa wanda ya ci wa kuɗi ya sallame shi da bakinsa. Barci da abinci da zagayawa ban hana kowa ba. Amma gari na wayewa, mai ci yana kan kujerarsa."

Muka ce mun ji. Ni har dariya na yi, don ban taɓa zama mai ci ba a rayuwata.

Laraba, da yamma

Na ci. Duk abin da na taɓa sai ya zo. Yawanci kuɗin Porfirio ne, don shi ba ya iya ajiye kati, ko shara ce a hannunsa sai ya ƙara kuɗi yana waƙa.

Alhamis, da safe

Hoto ya fito. Nélida ta ce likita yana son magana da ni, ni da kaina.

Juma'a, da tsakar rana

Nélida ta kira tana magana ɗaya bayan ɗaya, yadda take wa yaran ajinta. Wai mutane suna wucewa kullum. Ka taka da ƙafa ka ƙetare gada, ka hau babur zuwa shinge na gaba, ka sake takawa, ka samu ƙaramar bas zuwa Cochabamba. Wai mijin maƙwabciyarmu haka ya yi.

Na ce, "Motar fa? In bar shinkafar mutane a daji?"

Ban san Don Casiano yana bayana ba. Ya ce, "Bar mini makulli, ɗana. Ni da motarka mun girmi ɓarayin nan." Na rufe wayar da tafin hannu na ce masa ai ba motar kaɗai ba ce, ni ne mai ci. Ya ce to ka nemi sallama.

Na nema. Na ce, "Porfirio, ina da ɗan uzuri a gida."

Ya kwashe da dariya. "Uzuri! Kowa ya ci sai uzuri ya same shi. Kuɗin man da zai kai ni Oruro suna aljihunka, ka ce uzuri? Me ya faru, kaza ta haihu?"

Aka yi dariya, na taya su. Ban faɗi ko mene ne uzurin ba, bai kuma tambaya da gaske ba. Aka raba karta.

Asabar, da hantsi

Na yi wauta. Na same shi shi kaɗai yana aske gemu a madubin mota, na miƙa masa kuɗinsa a naɗe. Na ce karɓi abinka, ka sallame ni, mu rabu lafiya.

Ya dube ni da kumfa a fuska. "Ka gan ni da ƙoƙon bara ne? Shekara nawa ina hanyar nan, wa ya taɓa mayar mini da kuɗin caca kamar yaron da aka ƙwace wa alewa? A tebur ka ci, a tebur zan karɓa. Mayar aljihunka kafin wani ya gani, ka ja mini abin faɗa har Oruro."

Da ni ne ma haka zan ce. Na sani tun kafin in je. To me ya kai ni?

Lahadi, da safe

An ba Benigna waya. Muryarta ta ƙanƙance.

"Tsoho, kana cin abinci?"

Na ce ina ci, akwai wata mata Doña Felipa a bakin hanya mai soya kifi da rogo.

"Mai kyau ce?"

Na ce haƙoranta uku. Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, na ji Nélida tana cewa ya isa haka. Ban tambaye ta me likita ya ce ba. Ita ma ba ta ce in zo ba. Benigna ba ta taɓa cewa in zo ba, ko ranar da za ta haifi Nélida.

Bayan an tashi daga coci na koma tebur na ci su kamar ba gobe. Allah ya isa tsakanina da kartar nan.

Litinin, da yamma

Na yi niyyar in faɗi da gangan, in bar kuɗin su koma inda suka fito. Na riƙa zubawa a kan katin banza. Sau biyu katin banzan ya ci. Daga nan sarakuna uku suka zo mini, kati mai wuyar kayarwa, Porfirio ya tura kuɗi masu yawa, na kife katina na ce na haƙura.

Don Casiano ya tsayar da hannunsa. Bai taɓa buɗe katin wani ba, yau ya buɗe nawa. Kowa ya gani.

Porfirio ya miƙe har ya ture kwalbarsa. "Sadaka kake mini a gaban mutane? Jiya a ɓoye, yau a fili?"

Don Casiano ya ce, "Zauna, Porfirio. Kai kuma Rufino, a teburina ba a ci da zamba, ba a faɗuwa da zamba. Idan akwai abin da ke cinka, buɗe baki ka faɗa. Mu ba duwatsu ba ne."

Duk suka zuba mini ido suna jirana. Saura kaɗan in faɗa. Na ce zafi ne ya taɓa mini kai.

Talata, da safe

Gobe zan faɗa musu.

Laraba, da tsakar rana

A rumfar Doña Felipa muke sa wayoyi caji, ita kaɗai ke da wuta. Na je cin abinci ta ce, "Don Rufino, wayarka tun safe take kuka. Wace ce Nélida? Idan budurwa ce ka ji tsoron Allah, idan 'ya ce ka fi jin tsoronsa."

Na ce 'ya ce, kuɗin makaranta take nema. Nélida da ke koyarwa shekara da shekaru! Matar ta dube ni, ta ƙara mini rogo ba tare da na tambaya ba. Na ce wayar ba ta cika ba, na bar ta a can.

An yi ruwa da yamma. Na hau na duba tamfol, shinkafa ba ta jiƙe ba. Na daɗe a saman motar ina ɗaure igiyar da ba ta kwance ba.

Alhamis, da yamma

Karta ta juya. Tun safe Porfirio ke ja, yana waƙa, yana sumbatar katinsa. Kafin rana ta karkata ya tattara abinsa, ya buga tebur.

"Mun yi kunnen doki! Ba ka da nawa, ba ni da naka. Je ka ga kazarka, ɗan tudu, ka gaishe ta."

Don Casiano ya miƙo hannu na ba shi makulli. Na sa riga mai tsabta, na ɗauki jaka, na taka har gada. Masu tare hanya ba su hana ni ba, wata ma ta matsa mini in wuce. Ga masu babur can ƙetare suna kiran fasinja.

Sai ga wasu sun taho daga baya, sun ɗauko wata mata a cikin bargo, mutum huɗu suna riƙe da kusurwoyi. Ƙafarta ɗaya tana lilo a waje, siririya, ba takalmi. Mijin yana biye da jakar kaya yana ta ce mata sun kusa. Na matsa na ba su hanya. Na tsaya ina kallon ruwa.

Na dawo. Na ce wa Don Casiano na manta takardun mota, ga shi rana ta yi, gara in yi sammako. Ya mayar mini da makulli. Tunda ga kujera babu kowa, na zauna zagaye ɗaya.

Juma'a, da faɗuwar rana

An ci ni. Har kuɗin da na ware na asibiti sun taɓu. Yanzu ni ne wanda aka ci, ba mai riƙe ni, ina iya tafiya ko yanzu. Amma in je hannu rabbana? Asibiti ba ya karɓar gaisuwa. In na mayar da abin da ya fita, sai in tafi. Wannan ai hankali ne, ba wani abu ba.

Asabar, da tsakar rana

An sallami Benigna daga asibiti! Sun ce a kai ta gida. Na saya wa tebur giya, Porfirio ya ce me ake sha wa, na ce kaza ta warke.

Nélida ba ta yi murna ba. Ta ce, "Baba, sun cire mata ƙarin ruwa. Sun ce a ba ta duk abin da take so ta ci. Ka gane abin da nake faɗa maka kuwa?"

Na ce na gane, abincin gida ai ya fi na asibiti.

Sannan ta ce, "Na shimfiɗa mata a ɗakin gaba. Ta ce daga nan ake jin ƙarar mota in ta shigo layi."

Lahadi, da hantsi

Yau ba wasa sai bayan an tashi daga coci, Don Casiano ba ya taɓa karta kafin nan. Ina zaune a mota, ba abin da zan sa a hannu.

Tsoro nake ji. Ga shi na rubuta. Ba motar ba ce, ba Porfirio ba ne. Benigna da na bari tana tsaye a ƙofa da tsintsiya, tana mini faɗa na shigo da taɓo. Ita nake da ita. In na ƙetare gadar nan, wata za a nuna mini a kan shimfiɗa a ce ita ce, kuma daga ranar ita zan riƙa gani in na rufe ido. Muddin ina nan, tana tsaye a ƙofa.

A tebur kaina yana yin shiru. Kati biyu a hannu, sai wanda za a buɗe a gaba, shi ke nan duniyar. Da an tattara karta sai abin ya dawo ya zauna mini a ƙirji.

Ya Allah, ka sa su buɗe hanya. In an buɗe dole in tuƙa, ba sai na zaɓa ba.

Litinin, da yamma

Na mayar da na asibiti tun kafin tsakar rana. A nan ya kamata in miƙe. Na ji a jikina, har na dafa gwiwa. Don Casiano ya riƙe kartar bai raba ba, yana kallona, yana ba ni lokaci. Na ce raba.

Porfirio ya tura duk abin da ke gabansa a kan sarauniya biyu. Na cinye shi tas.

Ya ce, "To, ɗan tudu, ka koma kurkuku. Ko uwarka ce ta kira ba inda za ka."

Da na jawo kuɗin gabana sai na ji wani sanyi ya sauka a raina. An sake ɗaure ni, kuma na ji daɗi. Wane irin mutum ne wannan?

Talata, da safe

Nélida ta kara wa Benigna wayar a kunne. Ba ta magana, numfashi kawai, mai tsawo, sai ya tsaya, sai ya dawo. Na ba ta labarin ruwan sama. Na ce lemo ya yi arha a nan, zan taho mata da buhu. Na ce tsohuwa, kina jina? Na ce shinkafa ba ta jiƙe ba.

Nélida ta karɓa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Baba, don Allah."

Laraba, da tsakar rana

Gobe da sassafe, ko an sallame ni ko ba a sallame ni ba. Su kira ni ɓarawo daga nan har Oruro.

Laraba, da yamma

Gobe.

Alhamis, a cikin bas

A bas nake rubutun nan, hanya kuma ba kyau.

Na tashi da sassafe kamar yadda na ce. Na haɗa jaka. Sai na ga bai dace in tafi kamar ɓarawo ba, gara in zauna zagaye ɗaya in yi musu bayani a tebur, kamar mutum. Na jira har suka taru. Na hango Doña Felipa ta zo tana magana da Don Casiano a bayan mota, ban kawo komai ba, na ɗauka kuɗin kifi take bi.

Muka zauna. Ba wanda ya yi zolaya, har Porfirio. Don Casiano ya raba karta. Ya ba na damana, ya tsallake ni, ya ba na haguna.

Na ce, "Don Casiano, ka manta da ni."

Ya sake zagayowa, ya sake tsallake ni.

Na buga tebur. "Ba ni kati! Ni ne mai ci, ƙa'idarka ce, ba ni kati!"

Ba wanda ya taɓa katinsa. Sai a lokacin na lura duk sun cire hulunansu sun ɗora a gwiwa. A hanyar nan ba a raba wa mai makoki karta. Ni kaina na taɓa cire hula a teburin nan saboda wani.

Doña Felipa tana tsaye da wayata a hannu, tana share ido da gefen zane. Ta ce wayar ta yi ta kuka tun duhu, har ta kasa jurewa ta ɗauka.

Porfirio ne ya fara magana. "Kaza. Ka bar ni ina cewa kaza. Kalma ɗaya, Rufino! Kalma ɗaya da ka faɗa, da ni zan goya ka in ƙetare gadar nan tun ranar farko. Ka mayar da ni mai gadin kurkukunka, ban sani ba. Yanzu da wane ido zan dubi 'yarka?" Ƙaton mutum yana kuka kamar yaro. Ya kwashe kuɗin da ke gabana ya cusa mini a aljihun riga, ya ce, "Na sallame ka. Ka ji? Na sallame ka, tashi!"

Shi da Don Casiano suka kama ni suka miƙar.

Porfirio ya raka ni har ƙetare, ya yi ciniki da mai babur, ya riƙe mini jaka har na hau.

Alhamis, da yamma, Quillacollo

Na iso garinmu, kusa da Cochabamba, rana ba ta ko karkata sosai ba. Tafiyar ke nan gaba ɗaya. Babur, ƙafa, babur, bas. Ko yunwa ban ji ba a hanya.

Gida cike da mata da baƙaƙen mayafai. An kunna kyandir a ɗakin gaba. Ban shiga ba tukuna, na wuce kicin. Nélida ta biyo ni ta rufe ƙofa. Na jira ta zage ni, ta tsaya kawai tana kallon taɓon da ke takalmina.

Na ce, ta tambaye ni?

Ta ce, "Jiya da yamma ta farka, ta yi magana sarai. Ta ce an buɗe hanya? Na ce an buɗe, Mama, yana tafe, ya kusa. Ƙarya na yi mata, Baba, Allah ya yafe mini. Sai ta ce to me nake jira, in ɗora maka ruwan wanka, kullum kana dawowa kana warin man gas. Ta ƙi kwanciya sai da ta ji na kunna murhu."

Ta nuna mini da haɓa. Babbar tukunyar tana kan murhu, da murfinta, ba wanda ya taɓa.

Nélida ta ce bari ta sake ɗumama shi. Na ce a'a. Na ɗauka na kai bayan gida, na yi wanka da shi a haka, da sanyinsa, har ya ƙare.